Tankin Baba Ba Ya Sauka

A garinmu, in fitilar gargaɗin injin ta kama a motar mutum, abin da yake fara yi shi ne ya nemo baƙin salatif ya liƙe ta. Sai motar ta fara tari ko matarsa ta ishe shi da mita, sannan ya kawo mini ita gareji ya ce jiya-jiyan nan fitilar ta kama. Ni kuwa in ɓare salatif ɗin in ga har ya yi shati a gilashi saboda daɗewa. Manoman masarar jihar Nebraska ba su iya ƙarya ba, amma ba su fasa gwadawa.

Mahaifina, Emil Havranek, ba ya cikin masu salatif. Shi ya gina garejin nan da hannunsa, ya yi kanikanci a ciki har bayansa ya ranƙwafa, sannan ya sakar mini. Ya haura tamanin. Tun da mahaifiyarmu Arlene ta rasu a sanyin bara waccan yake zaune shi kaɗai a gidan gona, can ƙarshen hanyar tsakuwa, daga shi sai akori-kurarsa. Wannan zaman shi ne rigimar da ke tsakanina da yayana Dwight, mai sayar da inshora a birnin Lincoln. Dwight ya riga ya samo masa ɗaki a wani gidan tsofaffi, mai labule da furannin roba. Duk ranar Lahadi sai ya kira ni ya ce Baba ya fara mantuwa, ya bar tukunya a wuta, ya kira jikarsa da sunan uwarta. Ni kuma in ce wane tsoho ne ba ya haka? Na ce masa mutumin da har yanzu yake tuƙa motarsa, yake kula da ita fiye da yadda Dwight ke kula da matarsa, ba wanda ya isa ya raba shi da gidansa. Daga ƙarshe muka tsaya a kan haka: muddin Baba yana riƙe da makullin motarsa, yana gidansa. Ranar da makullin ya gagare shi, ba shi da yadda zai zauna a wurin da ko burodi sai an yi tafiya mai nisa ake samu. Dwight ya yarda ne don ya ɗauka ranar ta kusa. Ni na yarda don na tabbata ba ta kusa ba.

Dokoki biyu Baba ya rene mu da su, kuma ba wanda ya taɓa kawo mota garejinmu bai haddace su ba. Ta farko, tanki ba ya sauka ƙasa da rabi, don ƙanƙara ba ta sallama kafin ta rufe hanya. Ta biyu, in kana shan mai famfo ya ce ƙas ya tsaya, ka sake shi, kar ka ƙara ko ɗigo. Wannan ta biyun har wa'azi gare ta. Yakan ce tanki yana numfashi kamar mutum. Tururin fetur ba a barinsa ya fita iska, sai ya bi tiyo ya shiga wani gwangwani da ke ƙarƙashin mota cike da gawayi, gawayin ya riƙe shi har injin ya zuƙe ya ƙone. Bayan gwangwanin kuma akwai ɗan bawul da iska ke shiga da fita ta cikinsa. "Gawayin nan tururi aka yi shi ya sha, ba ruwan mai ba," haka yake rufewa, yana nuna mutum da sifana. "In ka ci gaba da ɗura bayan famfo ya tsaya, man ya gangara ya nutsar da shi, ka shaƙe motarka da hannunka." Ko Fada Kubicek na cocinmu bai tsira ba. Baba ya taɓa kama shi a gidan mai yana ƙari, ya yi masa faɗa a gaban jama'a, har Fada ya ce shi bai taɓa jin wa'azi mai zafin wannan ba.

Farkon kaka, ana shirin girbi, ya shigo da motar gareji yana tsaki.

"Oga, fito ki ga abin kunya," in ji shi. Tun da ya sakar mini wurin yake ce mini Oga don tsokana. "Fitila ta kama a motata. Motata fa! Ga famfon gidan man Wanda ya hana ni shan mai. Da na matsa sai ya ce ƙas. In sake matsawa, ƙas."

"Ka duba murfin tanki, Baba? Ko bai rufu sosai ba?"

"Ni za ki tambaya murfin tanki? Ranar da aka haife ki da baƙin mai a hannuna na ɗauke ki."

Na jona na'urar da ke karanta laifin mota, ta nuna lambar da duk bakaniken da ke zaune kusa da hanyar tsakuwa ya sani kamar sunansa: hanyar numfashin tanki ta toshe. In ka ga wannan lamba, mai motar kuma ya ce famfo na yanke masa, ai bincike ya ƙare. Iskar da ke cikin tanki ba ta samun mafita, sai man ya dawo wuya, famfo ya ɗauka tanki ya cika ya tsaya. A wajenmu kuwa, sau tara cikin goma, ƙurar hanya ce take cika ɗan bawul ɗin. Na shiga ƙarƙashi na kwance shi, na buga a tafin hannu, ƙura ta zubo. Na sa sabo, na goge fitilar. Da na zauna a kujerar direba na ga allurar mai tana kan cike, da idona na gan ta, amma na ɗauka da naci ya samu ya cika. Tankin Baba tun ina yarinya ba ya sauka. Daren Lahadi ma har na yi wa Dwight gori, na ce tsohon da kake cewa ya ruɗe shi ya fara gano laifin motarsa tun kafin na'ura ta faɗa.

Girbi ya yi tsakiya, manyan motocin hatsi na ta kai da kawowa a titi, sai ga shi ya dawo wata safiya, fitilar tana ci rawaya.

"Bawul ɗin banza kika sa mini," ya ce tun bai fito ba. "Na gaya miki ki daina sayen kayan nan masu araha. Famfon ma har yanzu bai bar ni ba."

"Mai kyau na sa maka, Baba."

"To ruwa dai ba ya tsami banza. Ki duba da kyau, ban koya miki aikin ha'inci ba."

Ya bar makullin a jiki, ya tsallaka titi zuwa shagon kofi inda tsofaffin gari ke zama suna cin kolaci, wani burodi mai zaƙi, suna yi wa juna ƙarya a kan yawan masarar da suka girbe. Raina ya ɓaci, don ba abin da na tsana kamar mota ta dawo mini da laifin da na ce na gyara, balle ta Baba. Na ɗaga ta sama a kan maɗaga, na kunna fitilar hannu, na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan.

Na fara da bawul ɗin. Na ba shi wuta, ya ce ƙit ya rufe, na cire, ya buɗe. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙura bai tara ba. Na bi wayoyinsa ko ɓera ya ci, babu. Na zare tiyon da ke fita waje na hura, don zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki, na sha cire irinsa a motocin da ke kwana a rumbu. Iska ta wuce sumul. Sai na jawo injin hayaƙi na jona a wajen tanki, na bar bawul a buɗe. In hanya a buɗe take, hayaƙin zai bi ta gwangwanin gawayi ya fito ta bawul fari fat. Na tsaya ina kallo, ko ƙyalli bai fito ba. Tsakanin tanki da bawul kuwa abu ɗaya ne ya rage.

Na kwance gwangwanin. Abin da na saba ɗauka da hannu ɗaya ina hira, sai da ya kusa kuɓuce mini saboda nauyi. Na ji wani abu yana motsi a ciki. Na karkata shi a kan faranti, sai ga fetur yana zubowa, baƙi wuluk, haɗe da gawayin da ya narke ya zama kamar kunu.

"Yesu, Maryamu!" na faɗa da ƙarfi, ni kaɗai a gareji.

Na sha ganin gwangwanin da aka nutsar, amma ban taɓa ganin wanda ya cika har baki irin wannan ba. Kuma a motar wa? A motar Emil Havranek, wanda ya yi wa Fada faɗa. Kaina ya ɗaure. Abin da ya fara zuwa mini shi ne wani yana aron motar, kuma mutum ɗaya na sani a duniya da zai iya wannan wautar. Na goge hannu na kira Dwight.

"Kai ne ka ari motar Baba?"

"Ko ina kwana babu, Jolene?"

"Ka ari motar ko ba ka ara ba? Wani sakarai yana ɗura mata mai har ya nutsar da gwangwani."

"Ni ban san menene gwangwani ba, kuma rabona da sitiyarin motar nan tun ranar jana'izar Mama. Kin san ko ni ba ya bari in taɓa. Me ya faru? Ya yi karo ne?"

"Ba abin da ya faru."

"To me ya sa muryarki take rawa?"

Na kashe wayar. Gidan mai ɗaya ne a garin, kuma mutum ɗaya ke zaune a bayan gilashinsa tun safe har yamma tana ganin duk wanda ya tsaya. Na ja ƙofar gareji ban ko kulle ba, na taka zuwa wurin Anti Wanda Pospisil, aminiyar Mama tun suna 'yan mata. Kafin in shiga na lura da yashi da aka barbaɗa a gindin famfo na farko, ya yi duhu da mai, amma ban tsaya ba.

"Anti, wa ke kawo motar Baba shan mai?"

Tana jera kwalaben lemo a firji. Ta tsaya da kwalba a hannu, ba ta juyo ba.

"Wa zai kawo ta in ba shi ba, 'yar nan?"

"A'a, wani dai. Wani yana ƙara mai bayan famfo ya tsaya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

Ta rufe firjin a hankali, ta juyo. Fuskarta kawai na gani na san akwai magana.

"Na ɗauka kin sani," in ji ta. "Allah ya sani na ɗauka kin sani. Shi ne, Jolene. Ya zo da safe ya cika. Da rana ya dawo. Wata rana kafin in rufe ma sai ya sake zuwa. Tankin a cike, ina zai shiga? Famfo ya yi ta yankewa, shi kuma ya yi ta matsawa yana zaginsa, har man ya zubo ta baki ya bi jikin mota. Yashin da kika gani a waje nasa ne."

"Baba? Baba fa kike cewa, Anti. Emil."

"Na san wanda nake cewa. Na fita na ce masa, Emil, ɗazun nan ka sha, dubi allurarka. Ya ce allura ƙarya take yi, ni kuma in kira a gyara mini famfo."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin masara ta bushe."

Nan fa zuciyata ta hau. Na ce mata ta zauna tana kallon tsoho yana wanka da fetur wata da watanni, garejina yana nan ƙofa da ƙofa, ta kasa tako ƙafa ta gaya mini? Ita ma ta ɗaga murya.

"In kai ƙarar Emil Havranek wurin 'yarsa a kan mota? Da wane bakin? Shi ya koya mini tuƙi. Da mijina ya mutu shi ya yi ta gyara mini mota bai taɓa bari na yi maganar ladan aiki ba. Kuma duk garin nan an san abin da ke tsakaninki da Dwight. In na buɗe baki, ni ce na kai shi gidan tsofaffi." Ta share ido da bayan hannu. "Amma makon jiya na kusa zuwa. Man ya jiƙa masa wando har takalmi, ga wani direban hatsi a ɗaya famfon da sigari a baki."

Na dafa kantar shagon. Na ce, "Me yake yi da man? Ina yake zuwa?"

Ta sauke murya.

"Cewa yake gobe da sassafe zai kai Arlene wankin ƙoda, ba ya son mai ya ƙare musu a hanya."

A shekarun Mama na ƙarshe shi ke kai ta asibitin birni, tafiya mai nisa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Duk jajiberin tafiya sai ya zo nan ya cika tanki, ya duba taya, ya sa bargo a kujerarta. Ni na san wannan, duk garin ya sani. Abin da ban sani ba shi ne bai daina ba. Mutumin da nake cin abincin Lahadi da shi, yana tsokanata, yana gyara mini riƙon sifana, ashe kullum yana shirin kai matar da muka binne asibiti. Ban san lokacin da na fito daga shagon ba.

A hanya na shirya ƙaryata tsaf, kuma ba na jin kunyar faɗa. Akwai sabon gwangwani a kan kantar gareji. In sa shi, in goge fitilar, in ce wa Baba zanzaro ne, in ce wa Dwight ni ce na yi kuskure. In roƙi Anti Wanda ta riƙa kashe famfo in ta hango motarsa. Ai ba a kan titi yake ɓarnar ba, tuƙinsa lafiya lau. Haka na yi ta gaya wa kaina, direban nan mai sigari yana ta faɗo mini a rai ina kore shi.

Da na tura ƙofar gareji sai na tarar da shi a ƙarƙashin motar. Ya naɗe hannun riga, tabarau a ƙarshen hanci, gwangwanin a hannunsa yana jijjigawa kusa da kunne. Idonsa yana ƙyalli yadda na daɗe ban gani ba. Mota in tana sama, ƙarƙashinta kawai ake gani, tsatsa da laka, duk iri ɗaya ne.

"Oga, zo ki ga aikin jaki!" ya ce da murna, irin murnar bakanike in ya kama laifi. "Kin gwada bawul, ko? Lafiyarsa ƙalau. Na sani. Kin sa hayaƙi bai fito ba. Ta ina zai fito? Ji nauyi! Ko Fada bai yi ɓarna irin wannan ba."

"Baba..."

"Tsaya in gaya miki. Wannan ba mai ƙarin ɗigo ba ne don ya cike kuɗi. Wannan tankinsa a cike yake zuwa, ya kama famfo ya yi ta ɗura. Kullum kuma, ba rana ɗaya ba. Ko dai mashayi ne, ko kansa ya taɓu." Ya ajiye gwangwanin a kan benci ya nuna ni da yatsa. "Kar ki kuskura ki sa masa sabo. Kafin wata ya mutu zai sake nutsar da shi. Me na koya miki? Ba abin da ya lalace ake gyarawa ba, abin da ya lalata shi ake nema. Irin wannan ba gwangwani ake canja masa ba, makulli ake karɓewa, tun bai ƙone kansa ya ƙone gidan man Wanda ba. Ki kira iyalinsa yau ɗin nan. In sun ji haushi su ji. Motar wa ce?"

Sunaye sun fi goma a kan harshena, kowanne zai yarda da shi: wani baƙo, wani ɗan ƙwadagon girbi, wani da ya biyo hanya. Yana tsaye yana jira, yana goge hannu da tsumma kamar yadda ya yi duk rayuwarsa.

Na ce, "Matsa baya, Baba."

Ya matsa. Na kama hannun maɗagar na danna. Motar ta fara sauka a hankali, tayoyi suka wuce kanmu, sai gefen da barewa ta taɓa lotsawa, sai ƙofar direba da sunansa a jiki da jan fenti, rubutun hannunsa, ya koɗe amma yana karantuwa. Sai gilashi, da carbin Mama yana lilo a jikin madubi. Tayoyin suka taɓa ƙasa.

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya dubi ƙofar, ya dubi gwangwanin da ke kan benci, ya sake duban ƙofar.

"Wa ya ari motata?" ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba kowa."

"Dwight..."

"Na tambaye shi. Daga wurin Anti Wanda nake, Baba. Kai ne. Da safe, da rana, wani lokaci har da yamma."

"Ni?" Ya dafa gefen motar. "Ni, Emil? Famfon ne ke yankewa, ai na gaya miki yana..." Bai ƙarasa ba. Na ga lokacin da bakaniken da ke cikinsa ya ba shi amsa, don ya fi kowa sanin abin da ke sa famfo ya yanke in hanya ba ta toshe ba. Ya zauna a kan benci kusa da gwangwanin, ya cire hula.

"Me nake yi da man?"

Na so in ce ban sani ba. Amma na riga na sauke motar.

"Kana ce mata za ka kai Mama asibiti."

"Arlene ta rasu," ya ce da sauri, kamar wanda aka zarga da sata. "Na sani. Ni na zaɓi akwatin. Ana ƙanƙara ranar, Dwight ya zo da takalmin ofis ya zame a bakin kabari. Na sani, Jolene!"

"Na san ka sani."

"To ta yaya..." Ya kalli tafin hannunsa, ya kai hanci ya shinshina. "Yesu, Maryamu. Warin nan da nake ji a gida kullum, na ɗauka tanki ne ke yoyo."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar, ko a asibiti, ko a maƙabarta. Na tsuguna a gabansa ina kuka, ina cewa za mu san yadda za mu yi, zan riƙa sha masa man da kaina, ba sai kowa ya ji ba. Ya girgiza kai.

"Kin ji abin da na ce ɗazu. Da motar wani ce, da kin bi maganata?"

"Da na bi."

"To wanzami ne ba ya son jarfa, ni ba wanzami ba ne."

Ya tashi da ƙyar, ya zura hannu ta taga ya zare makullin. Ya cire carbin Mama daga madubi ya sa a aljihun riga. A bangon ofis akwai allon ƙusoshi inda muke rataye makullan masu kawo gyara, ƙusa ta ƙarshe kuma ta motocin da ba mu yarda su koma kan titi ba ce, shi ya kafa ta da kansa tun ban fi tsayin benci ba. Nan ya rataye nasa.

"Kira Dwight," in ji shi. "Amma ki gaya masa ni na ce, kar ya ɗauka shi ya ci."

Ya koma ya zauna. Na shiga bayi na wanke fuska, na daɗe ina kallon ruwa yana zuba. Na fito na kwashe baƙin man da ke faranti, na buɗe babbar ƙofa don warin ya fita, na yi duk wani aikin da zai jinkirta mini kiran. Da ba abin da ya rage, na ɗauki waya na danna lambar Dwight. Tana cikin ringi sai na ji motsi a bayana. Baba ya miƙe, ya mayar da hularsa, yana lalubar aljihun wando, na dama, na hagu.

"Oga, kin ga makullina? Ina so in sha mai tun Wanda ba ta rufe ba. Kin san uwarki ba ta son a makara."

Makullin yana rataye a bayan kansa, ko taku biyu babu. Na rufe bakin wayar da hannu.

"Tankin a cike yake, Baba. Ni na cika maka."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ba ki dai ƙara ba bayan ya ce ƙas?"

"Ban ƙara ba."

"Yauwa, 'yar kirki," ya ce, ya koma ya zauna hankali kwance.

A kunnena Dwight yana ta cewa, "Jolene? Kina jina? Jolene, me ya faru?"